Tsohuwar wagon ta hannu: za ta riƙe iyali, ko gyara zai cinye albashi?

Malam_Binuwai:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe tsohuwar mota mai dogon baya, wadda muke kira wagon, masu garaji kuma suke ce mata break da Faransanci. Ni malamin makaranta ne a Garwa, a arewacin Kamaru, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, mahaifiyata tana zaune a Gidar, kuma ina da 'yar gona a wajen Pitowa inda nake ɗauko masara da gyaɗa idan kaka ta yi. Shekara tara ke nan babur ne ƙafata, amma yanzu ya yi mana kaɗan, domin duk ranar da za mu je gaida tsohuwa sai mun rabu biyu, uwargida da ƙanana a motar haya, ni da babban yaro a kan babur. Na tara sefa miliyan 2 da dubu 500. An nuna mini Peugeot 406 wagon ƙirar 1999 mai shan fetur, da Toyota Carina E wagon ƙirar 1996, sannan akwai Peugeot 504 ta kawuna wadda ta shekara 3 a ajiye a gindin darbejiya, ya ce idan ina so in ɗauka in tayar da ita. Abin da nake son sani shi ne gaskiyar kuɗin da irin waɗannan motoci suke ci a shekara bayan an saya, da kuma ko mutum zai iya ɗaukar iyalinsa ya kama hanya da su hankalinsa kwance. Albashina ba zai ɗauki motar da za ta riƙa kwana a garaji ba.

Makanike_Yelwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata 22 a wannan sana'a, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka miƙa kuɗin nan gaba ɗaya ga mai sayarwa. Motar da ta kai shekara 25 ba daga inji take fara gazawa ba, daga roba take farawa: tiyoyin ruwa, robobin ƙafa, robobin da inji yake zaune a kansu, da waɗanda suke hana mai zuba. Zafin bazararmu, wanda yake wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, yana busar da su har su tsattsage ko da motar tana ajiye. Wanda zai sayar maka ya daina kashe mata kuɗi tun ranar da ya yi niyyar rabuwa da ita, saboda haka duk gyaran da ya ƙi yi kai ne za ka gaje shi a watannin farko. Ka ware aƙalla dubu 500 daga cikin kuɗin ka ɓoye, ka nemi motar da ragowar zai saya.

Akwai abu guda da ya raba motocin nan biyu da aka nuna maka. Dukansu suna da bel ɗin taimin, wato bel ɗin da yake daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. A injin Carina E mai lita 1.6 ko 1.8, wanda ake kira 4A-FE da 7A-FE, idan bel ɗin ya tsinke motar za ta tsaya ne kawai, a saka sabo ta tashi. A injin 406 kuwa, idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yana bugun bawul su lanƙwashe, dole a sauke kan inji. Wannan ba aibi ba ne, yawancin injunan Turai haka aka ƙera su, amma yana nufin cewa ranar da ka karɓi makulli ya kamata ka canza bel ɗin tare da famfon ruwa, ba tare da ka tsaya kan maganar mai sayarwa cewa bai daɗe da canza shi ba.

Dattijo_504:
Ɗana, ka riƙe maganar makanike, amma kada ka raina kyautar kawunka, domin da tsohuwar zuma ake magani. Na yi shekara 17 ina jan 504 wagon tsakanin Garwa da Marwa ina ɗaukar fasinja, kuma ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Mota ce da ta dace da hanyoyinmu. Cikinta yana da nisa da ƙasa, ƙafafun baya ne suke tura ta, ƙarfen da ya haɗa tayoyin bayan guda ne mai kauri, sarƙa ce a injinta ba bel ba, kuma kafireto take aiki da shi, wanda kowane makaniken ƙauye zai kwance ya wanke ya mayar a gindin bishiya. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000, shi ya sa har gobe kayan gyaranta suke shigo mana ta Yola da Mubi. Idan ta kawunka mai layin kujeru 3 ce, to ita ce za ta ɗauke ku ku bakwai kowa a zaune. Kuɗin da za ka sayi wata da shi, rabinsa zai mayar da wannan sabuwa.

Ɗan_Figil:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musanta ƙarfin 504 ba, amma zamanin da kuka ja ta mai ba shi da tsada. A wancan lokacin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, tana shigowa daga Najeriya da araha, kuma tun da aka cire tallafin mai a can a ƙarshen watan Mayun 2023 wannan sauƙin ya tafi. A gidan mai kuma, litar fetur da take sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake komawa 840 a Fabrairun 2024. Na riƙe 504, yanzu kuma Carina E nake ja, kuma na auna su duka da hannuna: 504 ɗina tana shan kusan lita 13 a kilomita 100, Carina kuma lita 8. Daga Garwa zuwa Gidar kusan kilomita 100 ne, zuwa da dawowa 200. Ke nan 504 za ta sha lita 26, sefa 21,840, Carina kuma lita 16, sefa 13,440. Idan Malam zai je gaida mahaifiyarsa sau biyu a wata, bambancin ya haura dubu 200 a shekara, ba a ma saka zirga-zirgar cikin gari da ta gona ba. Wannan kuɗin ba a ganinsa kamar na garaji saboda kaɗan-kaɗan yake fita, amma daga albashi guda yake fitowa.

Dattijo_504:
Lissafinka daidai ne, ɗana, ban ja ba. Sai dai ka ɗora a kansa kuɗin da bai kashe wajen saye ba, domin wanda ya sami mota kyauta ya riga ya sayi man shekaru da yawa.

Hajiya_Domayo:
Malam, ni zan yi maganar ɓangare na biyu na tambayarka, wato kwanciyar hankali, domin ganau ce ni ba jiyau ba. Shekaru huɗu da suka wuce mun taso daga Marwa za mu biki a Garwa, ni da yara huɗu da ƙanwata mai goyo, a cikin tsohuwar wagon ɗinmu. Tsakanin Muturwa da Figil tiyon ruwa ya fashe, allurar zafi ta haura, yaron da yake tuƙa mu ya gani amma ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba. Ba mu yi nisa ba inji ya mutu. Mun yi awa huɗu a bakin hanya da tsakar rana, ruwan shanmu ya ƙare, jaririn yana ta kuka, sai da wasu bayin Allah suka ɗauke mu a motarsu muka bar tamu a can. Gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, da kuɗin janyo ta da komai mun kashe sefa dubu 280, alhali tiyon da ya jawo haka dubu 6 ne. Ba na ɗora wa motar laifi, domin tiyon tun na Turai ne ba wanda ya taɓa dubawa, kuma da yaron ya tsaya nan take da abin bai kai haka ba. Tun daga ranar na koyi duba ruwa da baƙin mai da kaina kafin kowace tafiya, kuma jarkar ruwa mai lita 20 ba ta fita daga but. Motar tana nan har yanzu tana mana aiki. Ka koya wa uwargidanka da babban yaronka karanta allurar zafi, ko da ba su ne masu tuƙi ba.

Direban_Falez:
Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Maganar zafi ce ta sa ni shigowa. Ni direba ne tsakanin Ngaundare da Garwa, kullum ina hawa da sauka a falez ɗin Mbe, wato doguwar gangarar dutsen da take kan hanyar, kuma duk motar da ta zo hannuna daga Turai abu na farko da nake yi shi ne in sa a cire tamostat, wato abin da yake tsare ruwa har sai inji ya yi zafi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an tayar da mota. An yi tamostat ne saboda ƙasashe masu ƙanƙara, mu nan ba mu da buƙatarsa. Sama da shekara 20 ina haka, kuma inji bai taɓa ƙone mini a hawa ba.

Makanike_Yelwa:
Yayana direba, a nan na saɓa maka, kuma na san yawancin abokan sana'ata suna tare da kai. A tsohuwar mota mai kafireto irin ta Baba, cire tamostat ba ya yin ɓarna mai yawa. Amma 406 da Carina E suna da kwamfuta wadda take auna zafin ruwa kafin ta san yawan man da za ta feso. Idan ka cire tamostat, da asuba ko a lokacin hunturu ko a doguwar gangara injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai kwamfutar ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, sau da yawa ana cire tamostat ne don a rufe wata cutar, lagireto da ya toshe ko gaskit da ya fara tafiya.

Babban abin da yake kashe injuna a garin nan shi ne ruwan rijiya da ruwan famfo da ake ɗurawa a lagireto. Yana barin farar ƙasa a cikin ƙananan hanyoyin ruwa, yana kuma cin kan inji, wanda a motocin nan na alminiyam ne. Ruwan lagireto na kanti mai launi yana hana tsatsa. Malam, idan ka je duba mota ka buɗe murfin ruwa tana sanye. Idan ka ga ruwa ja kamar na kogin Binuwai da damina, ka san irin riƙon da aka yi mata.

Direban_Falez:
Maganar ruwan rijiya na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta tamostat kuma kowa ya riƙe abin da ya gwada. Amma bari in ƙara wa Malam abin da ba wanda ya ambata, wato birki. Wagon tana jawo lodi, domin duk wanda ya ga faɗin bayanta sai ya cika shi, kuma mota mai nauyi a gangara birki take ci. Man birki yana tsotsar ruwa daga iska idan ya tsufa, sai ya tafasa idan birki ya yi zafi, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Na ga haka da idona a falez fiye da sau ɗaya. A canza man birki da tiyoyinsa na roba, a kuma riƙa sauka da giya ta biyu ko ta uku.

Abban_Zara_Injamena:
Gaisuwa daga ƙetaren Logon. Mu a Injamena shawarar ba ta da wuya, domin kayan Toyota ne suka cika kasuwa, kuma makaniken da ya san ta yana kowace unguwa. Ƙarfin mota a wurina ba a jikinta kaɗai yake ba, yana ga ko za ka sami abin da ya lalace a garinku a ranar da ya lalace. Na taɓa sayen wata wagon ta Turai mai dizal irin na zamani, wanda famfonsa yake tura mai da matsanancin ƙarfi ta ƙananan nozul. A kwalta ba ta da na biyu, ga rashin shan mai. Kuskurena shi ne na riƙa sha daga masu sayarwa a kwalba da jarka a bakin hanya, ruwa da ƙasa suka shiga, famfon da nozul suka tafi tare. Sai da ta yi wata biyu a ajiye kafin kayan su zo daga Duwala su tsallako gadar Ngeli, kuma kuɗinsu ya kusa rabin abin da na saye ta. Tun da Malam ya ce 406 ɗin mai fetur ce, wannan haɗarin ya ragu, amma famfon da yake cikin tanki shi ma ba ya son datti, ba ya kuma son a riƙa tafiya da tanki a bushe.

Abu na biyu shi ne hanya. Duk wanda ya bi Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya san abin da ramuka suke yi wa mota mai gajerun ƙafafu. 406 tana da daɗin zama saboda ƙafarta ta baya tana da hannuwa da robobi da yawa, amma kowane ɗaya daga cikinsu abin canzawa ne idan hanya ta ci shi. Idan gonar Pitowa tana da nisa da kwalta, a saka wannan a lissafi.

Tela_Ngaundare:
Ina mamakin yadda ba wanda ya kawo Mercedes W124 wagon mai dizal, wadda aka ƙera daga 1985 zuwa 1996. Tawa 250 ce, famfonta na tsohon yayi ne, babu kwamfuta, kuma tana jure man da na zamani ba za su jure ba. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne bayanta ba shokazoba na kowa da kowa ba ne, akwai tsarin mai da wasu ƙwallaye biyu masu iskar gas da suke ɗaga ta idan an yi lodi. Idan ƙwallayen suka mutu sai bayan ya yi tauri yana tsalle, kuma makaniken da bai san ta ba zai ce a cire tsarin gaba ɗaya. Na canza nawa sau ɗaya a shekara takwas. Sai dai gaskiya, mai kyau a cikinsu ba za ta samu a kuɗin da Malam ya ambata ba.

Magatakarda_Kaele:
'Yan'uwa, an yi nisa a kan inji an bar takardu, alhali su ma suna iya tsayar da mota kamar yadda tiyo ya tsayar da ta Hajiya. Malam, kafin ka biya ko sisi ka gwada lambar shasi da take jikin mota da wadda take a kart giriz, wato takardar rajistar mota, ka kuma tabbatar sunan da yake kai na mai sayarwa ne ko akwai takardar ciniki da ta haɗa su. Motocin da suka shigo ta iyakar Najeriya ba tare da an biya kwastan ba suna da araha, amma ranar da aka tare ka arahar za ta fita. Kowace shekara akwai inshora, wadda tun 2017 ake biyan harajin mota na shekara, wato binyet, tare da ita, akwai kuma bizit teknik, wato binciken lafiyar mota. Harajin yana tafiya ne da ƙarfin injin da aka rubuta a takarda, saboda haka ka tambayi na kowace kafin ka zaɓa. Sannan ka duba adadin kujerun da aka rubuta. Ku bakwai ne, Carina E kuma ta mutum biyar ce. Wannan ba maganar jandarma kaɗai ba ce, idan aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, masu inshora za su ƙirga mutanen da suke ciki. Ga 504 ta kawu kuma, motar da ta shekara 3 a ajiye sai an sabunta komai nata, kuma a mayar da ita sunanka tun yana da rai da lafiya, don kada ta shiga rabon gado.

Mai_Kayan_Gyara:
Ni shago gare ni a Garwa, kuma zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu abokan kasuwata daɗi ba. Kayan gyara iri uku ne. Akwai sabo na asali, wanda yake da tsada kuma sau da yawa sai an aiko da shi daga Duwala. Akwai na hannu da aka kwance daga motocin Turai, wanda muke ɗaukowa a Kam Yabasi a Duwala ko Ƙofar Ruwa a Kano. Akwai kuma sabo na kwaikwayo mai kyan kwali, wanda shi ne ya fi yawa. Mutum zai zo ya ce in ba shi mafi araha, in ba shi, bayan wata uku ya dawo yana cewa motar ba ta da kirki, alhali boris ɗin da ya saya ne ba shi da kirki, kuma ya biya makanike kuɗin aiki sau biyu. Ga ƙarfe, kamar giyabos ko hannun ƙafa ko kan inji, na hannu mai kyau ya fi sabon kwaikwayo. Ga roba da bel da filta da birki, kada a sayi na hannu, domin shekarunsa ɗaya da wanda ake cirewa. Game da motoci ukun, duka ina da kayansu ko ina iya samowa cikin mako. Na 504 sun fi araha, amma nagari a cikinsu suna ƙara wuya, na kwaikwayo sun yi yawa. Na 406 suna samuwa sosai ta Najeriya domin an haɗa ta a Kaduna ita ma.

Malam_Binuwai:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na ɗauki wani makanike da na yarda da shi muka je muka duba biyun. Carina ɗin ta ba ni mamaki, domin ashe ta yi shekaru tana haya tsakanin ƙauyuka. Kujerun sun mutu, ƙofar baya da igiya ake riƙe ta, sifirin baya ya kwanta, akwai walda a inda shokazoba yake zama, kuma tana fitar da shuɗin hayaƙi idan an taka totur. Mai ita yana neman miliyan 2 da dubu 300 saboda sunan Toyota. 406 ɗin kuma jikinta lafiya, giyarta ta hannu ce, kuma tana da ƙananan kujeru biyu a but masu kallon baya, an rubuta mutum bakwai a takardarta. Amma an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, ruwan lagireto ja ne kamar yadda Makanike_Yelwa ya kwatanta, kuma mai ita bai san yaushe aka canza bel ba. Agogonta yana nuna kilomita dubu 168. Yana neman miliyan 1 da dubu 900. Yanzu na rasa ko in bi sunan mota ko in bi halin da take ciki.

Ɗan_Figil:
Ɗan'uwa, duk da ni mai Carina ne, wannan da ka kwatanta ka bar ta. Walda a mazaunin shokazoba yana nufin jikin ya gaji da lodi, kuma jiki ba a canza shi kamar inji. Amma ba ita kaɗai ce Carina a Garwa ba, kuma akwai Avensis ta farko, wadda ta gaje ta daga 1997. Ka ƙara haƙurin wata ɗaya ko biyu. Game da agogon 406 ɗin, kada ka ba shi muhimmanci, domin mayar da agogo baya ba abu ne mai wuya ba. Ka dubi yadda robar kuloci da ta birki suka cinye, da santsin sitiyari, da kujerar direba.

Makanike_Yelwa:
Malam, kafin ka yanke hukunci a kan 406 ɗin, a yi mata gwaji uku. A auna matsin kowace silinda da ma'auni. A tayar da ita tana sanye a duba ko kumfa yana tasowa a ruwa ko tiyo yana yin tauri nan da nan, domin wannan alamar gaskit ce. A buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai farin abu kamar kindirmo a jikinsa. Idan ta tsallake ukun, ka taya ta miliyan 1 da dubu 700, ka gaya masa dalili, sannan da ragowar ka yi bel, famfon ruwa, tamostat, tiyoyi, wankin lagireto ko sabo, man birki da tayoyi. Giyar hannu da take da ita alheri ce, domin otomatik na wancan zamani ba ya son zafi kuma masu gyaransa kaɗan ne a arewa. Idan mai ita ya hana a yi gwajin, ka yi masa sallama.

Manomin_Lagdo:
Ni ina ganin Malam yana son mota ɗaya ta yi aikin biyu. Buhun masara yana kai kilo 100, biyar kawai sun kai nauyin da zai kwantar da bayan kowace daga cikin motocin nan, kuma hanyar gona da kaka ba kwalta ba ce. Abin da ya kashe Carina ɗin da ka gani ke nan. Amfanin gona sau ɗaya ake kwasowa a shekara, ka ɗauki hayar babur mai ƙafa uku na kwana biyu, ka bar motar ga iyali. Kada kuma ka sayar da babur ɗinka, ka riƙa zuwa makaranta da shi, domin gajeriyar tafiya ta cikin gari ita ce mai shan mai, ga ƙurar hunturu da take toshe filtar iska.

Hajiya_Domayo:
Ina goyon bayan Manomin_Lagdo a kan riƙe babur. Amma kujerun but ɗin nan, Malam, ka zauna a cikinsu da kanka da rana kafin ka saka yara. Gilashin baya yana tara zafi, kuma idan na'urar sanyaya ba ta aiki, wanda yake can baya shi ya fi shan wahala. Ka duba kuma ko bel ɗinsu yana nan yana kamawa.

Dattijo_504:
Ɗana, har yanzu ba ka gaya mana halin da ta kawunka take ciki ba. Ka je ka leƙa ƙarƙashinta da fitila, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ko tsatsa ta huda, ka sa sifana a kan injin ka ga ko yana juyawa. Kada a yi ƙoƙarin tayar da ita da man da ya shekara 3 a tanki, a sauke tankin a wanke tukuna. Idan ƙasanta lafiya kuma injin bai kafe ba, ka dawo mu yi lissafin gyaranta kusa da na 406, kai da Ɗan_Figil ku saka kuɗin mai a ciki.

Malam_Binuwai:
To, Baba, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je gidan kawu da fitila da sifana. Na kuma kira mai 406 ɗin, ya amince a auna silinda ranar Litinin bayan la'asar, amma ya ce ba zai sauko ƙasa da miliyan 1 da dubu 800 ba. Mai_Kayan_Gyara, don Allah ka bincika mini kuɗin bel da famfon ruwa da tamostat na asali na injin 1.8, in san abin da zan riƙe a hannu kafin in je.

Mai_Kayan_Gyara:
Zan kira Duwala gobe da safe, Malam. Ka turo mini lambar shasi da harufan da aka buga a jikin injin, domin 1.8 ɗin iri biyu ne, mai bawul 8 da mai 16, kuma bel ɗinsu ba ɗaya ba ne.